La'asar a Hanyar Banu Ƙuraiza

A shekara ta 5 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya umarci Sahabbai kada su sallaci La'asar sai a Banu Ƙuraiza. Lokaci ya riske su a hanya. Wasu suka yi salla, suna ganin gaggawa ake nufi. Wasu suka jinkirta, suka riƙe lafazin umarni. Bai zargi kowa ba, domin dukkansu daga nassi suka tashi, kuma ɗa'a suka nufa. To, don me za mu ƙaurace wa juna saboda saɓanin da aka gina bisa hujja? Amma mai bin son zuciya, hanyarsa daban ce. Allah Ya haɗa kanmu bisa Sunna.