Kafanchan a Zamanin Turawa: Gari Ɗaya, Rayuwa Iri-iri



A shekarar 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo, inda hanyar Fatakwal ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta hau Jos. Kukan jirgi ɗaya kowa ke ji da asuba, amma kowa da irin tashinsa.

Bature yana can gefen gari, kuku na haɗa masa shayi. Akawu da direban jirgi, galibi Ibo ko Bayarabe, suna gidajen ma'aikata, albashi na zuwa ƙarshen wata. Bahaushe ɗan kasuwa ya shimfiɗa goro da gishiri kusa da tasha, ga fadar Sarkin Jama'a da ta dawo garin a 1933.

To, ina Fantswam masu ƙasar, da maƙwabtansu Bajju da mutanen Kagoro? Noman dawa da acca suke yi, amma haraji kuɗi yake so. Wannan ya tura samari haƙar kuza a Jos. Mata kuwa sun sha ɗauko itace daga ƙauye tun duku-duku, su sayar a kan 'yan kwabbai. Makarantun mishan ne suka buɗe wa 'ya'yansu ƙofar boko.

Jama'a, gumin waɗannan duka ne ya gina Kafanchan, amma ba a raba amfanin daidai ba. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Mu san wannan tarihi, domin mu yi wa juna adalci yau.