Kowane Harafi Da Kamanninsa: Jawabi A Taron Wata

 

An ce in yi magana a kan kalandar da za mu kai ɗab'i, amma ku yi haƙuri in ɗan faɗaɗa, domin maganar haruffa ta taɓa aljihunmu.

Duk wanda ya riƙe allo ya san rubutu ba iri ɗaya ba ne. A bugun Warshu da muka tashi da shi, fa ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama. A bugun Hafsu kuwa fa ɗaya a sama, ƙaf biyu. Da ka buɗe shafi ka gane, ba sai an faɗa maka ba. To jama'a, boko ma haka yake.

Akwai wani yaro a Mokola mai tsara rubutu a kwamfuta, shi ke buga mini rasit. Idan kuna tafe a Dugbe, sai ya riƙa kiran sunan rubutun kowane allon shago, kamar yadda Bafulatani ya san shanunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce da ƙafafu ake farawa. Wasu haruffa suna da 'yan ƙafafu a ƙarshensu, irin Times New Roman da aka yi wa jaridar The Times ta Landan a 1932. Wasu kuma sumul suke, irin Helvetica da ta fito daga Suwizalan a 1957, da Arial ta 1982. Waɗannan biyun kamar tagwaye suke, sai ka dubi babban R: ƙafar ta Helvetica ta sauko kusan a miƙe, ta Arial kuwa ta baje waje. Ƙaramin t ma, na Helvetica an yanke kansa daidai, na Arial a karkace.

Wani zai ce, Alhaji, mu da muke sayar da sabulu da batir ina ruwanmu? Akwai ruwanmu ƙwarai. Mai jabu yana iya kwaikwayon launi da hoto, har lambar NAFDAC sai ya buga, amma sau da yawa harafin da ya samu a kwamfutarsa shi yake sa wa. In an kawo maka kaya da arahar da ta ba ka mamaki, ɗauko tsohon kwalin da ka tabbatar da shi, ka jera su. Dubi kaurin haruffan, dubi tazarar da ke tsakaninsu, dubi lambobin. Kafin ka biya fa, ba bayan kaya sun shiga shago ba.

Sai batun kalandarmu. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, ba kowane samfurin rubutu ke da su ba, ga shi mafi yawan masu ɗab'in garin nan ba sa jin Hausa. Ko dai su mayar da su k da d da b, ko kwamfuta ta aro su daga wani samfuri, ka ga harafi ɗaya tsaye tsakiyar kalma ya fita daban da 'yan uwansa. Ku duba kunyar da za mu sha in muka rubuta muna maraba da manyan baƙi, aka buga manyan baki! Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939 ta yi shekara da shekaru tana buga su daidai, ba mu da uzuri.

Don haka ina roƙon shugaba ya ba da mutum biyu masu karatun Hausa, su je su duba kwafin gwaji layi-layi, su sa hannu, sannan a biya ragowar kuɗin.