Gasar Mutum-mutumin Ceto: Ina Matsayin Rijiyar Damargu?



A watan Maris na 2011 girgizar ƙasa da igiyar ruwan teku suka lalata tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, har aka samu wuraren da ɗan Adam ba ya iya shiga. Wannan ne ya sa hukumar DARPA ta ma'aikatar tsaron Amurka ta shirya gasar ƙera mutum-mutumin da zai shiga inda mutum ya kasa. An yi zagayen ƙarshe a Pomona ta jihar Kalifoniya cikin Yunin 2015. Ayyuka 8 aka gindaya, ciki har da tuƙa mota, buɗe ƙofa, murɗa makunnin bututu, huda bango da hawan matakala. Jami'ar KAIST ta Koriya ta Kudu ce ta lashe dala miliyan 2 da na'urarta DRC-HUBO, wadda ta gama cikin minti 44 da 'yan daƙiƙoƙi. Sauran kuwa, da yawa faɗuwa suka riƙa yi tim, kamar yaro mai koyon tafiya. Kafin wannan ma akwai gasar RoboCup ta ceto, wadda girgizar ƙasar Kobe ta 1995 ta haifar.

Abin da nake so mu lura da shi shi ne, kowace gasa bala'in da ya dami masu ita take kwaikwaya. Mai kuɗin gasa shi ke zana fili, injiniya kuma abin da filin ya nema shi yake ƙerawa. An nemi mai hawan bene, an samu mai hawan bene.

To, mu a Tarka wane bene gare mu? Daga Belbeji zuwa Tanut, abin da ke cin rai daban ne. Akwai gobarar daji da ke lashe makiyaya bayan kaka, lokacin da ciyawa ta bushe iska kuma ta taso. Akwai koramu da ke cikowa dare ɗaya. Ambaliyar 2024 ta kashe mutane kusan 400 a Nijar, ta kuma rusa tsohon masallacin Birnin Damagaram. Sai kuma rijiya, wadda a kanta nake so in daɗe.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiyar makiyaya a Damargu ya ga yadda raƙumi ko sa ke jan igiya ya yi nisa kafin guga ta fito. Wannan nisan shi ne zurfin. Idan yaro ya faɗa, ko ƙasa ta rufta wa mai yasa, dabara ɗaya ce: a ɗaura wa wani jarumi igiya a ƙugu a zura shi. Sau da yawa iskar ƙasan rijiyar ta riga ta lalace, sai mai ceton ya suma, na biyu ya bi shi, gida ɗaya a yi jana'iza uku. Tsofaffin magina rijiya suna zura fitila tukuna. In ta mutu, ba mai sauka. Ilimi ne na gaske, amma fitila ba ta gaya maka ko wanda ke ƙasa yana numfashi. 'Yan kwana-kwana kuwa, kafin su keta rairayi su iso, an daɗe da gama kuka. Ramukan zinariya ma haka suke: a Nuwamban 2021 rami ya rufta a Garin Liman, yankin Ɗan Isa na jahar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. Maroko da duk manyan injunanta, kwana biyar ta yi a 2022 tana haƙa don ciro yaro ɗan shekara biyar daga ramin mita 32, aka same shi ya cika.

Na'urar da ake bukata a nan ba ta da ƙafa ba ta da fuska. Abu ne kamar guga: kyamara, fitila, ma'aunin iska, lasifikar da za a yi magana da wanda ke ciki, bututun tura iska, da maƙata mai riƙe mutum. Ba ta fi ƙarfin ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram ba, in suka zauna da maƙera da masu gyaran salula na kasuwa. Su ma na DARPA sun juya ga ƙarƙashin ƙasa a gasarsu ta 2021 da suka yi a wani kogo na Kentaki, sai dai kogon ba rijiyar Tarka ba ne, kuma na'urorinsu tsada gare su.

Shawarata, a yi gasar a nan, bakin rijiyar da ta ƙafe, a watan Afrilu da tsakar rana, don baturin da ba ya jure zafi ya tona kansa. A jefa buhun yashi mai nauyin yaro, a ga wa zai ciro shi. Cikin alƙalai a sa magina rijiya da makiyaya, ba masu digiri kaɗai ba. A kayyade kuɗin ƙira. Sharaɗin ƙarshe kuma: na'urar ta hau bayan babur ko amalanken jaki, a caje ta da hasken rana, in ta lalace a iya gyara ta a kasuwar Belbeji.