Ɗan Ƙasa Biyu Da Maganar Fasfo: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya A Bauchi



Jama'a, maganar da ta tara mu yau ta shafi kowane gida a cikinmu. Da yawanmu iyayenmu daga Damagaram ko Maraɗi suka zo, suka zauna a nan Bauchi, suka yi aure, aka haife mu. Kullum sai a tambaye mu: wanda yake ɗan Nijeriya kuma ɗan Nijar, shi ma sai da fasfo zai ƙetare iyaka?

To, mu fara da doka. Sashe na 28 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yarda wa wanda yake ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa ya riƙe wata ƙasar. Ita ma Nijar ta gyara dokarta a 2014, ta amince da haka. Amma fa a kula, haihuwa a Bauchi kaɗai ba ta isa ba. Sashe na 25 ya ce sai uwa ko uba ko ɗaya daga cikin kakanni ɗan Nijeriya ne.

Na biyu, ko da ka cika wannan sharaɗi, jami'in shige da fice ba ya karanta asali a goshin mutum. Takarda yake dubawa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 biza ta ɗauke mana, ta zaman kwana 90, ba ta ɗauke takardar tafiya da katin rigakafi ba. Mu ne dai muka saba a ɗaga mana hannu a Maigatari ko Kwangwalam ko Jibiya, har muka ɗauka haka dokar take.

To, kiɗa ya sake, dole rawa ta sake. Mun ga an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Ran 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS. A cikin wannan wata ne hukumomin Yamai suka fitar da sabuwar doka mai tsauri kan shiga da zaman baƙi. Wanda ba shi da shaidar cewa shi ɗan Nijar ne, baƙo ne a garin ubansa.

Saboda haka ga shawararmu. Kowane magidanci ya yi wa 'ya'yansa takardar haihuwa da lambar NIN, domin sai da ita ake samun fasfo. Ita kanta takardar NIN ba takardar tafiya ba ce. Mai ƙasa biyu ya riƙe takardun ƙasashen duka: ta Nijeriya a wajen jami'an Nijeriya, ta Nijar a wajen na Nijar. Suna da ranar haihuwa su zo ɗaya, kada nan Muhammadu can Mamman. Mai neman takardun Nijar akwai ƙaramin ofishin jakadancinta a Kano. Kuma don Allah a guji 'yan kamasho da ɓarauniyar hanya.

Kada mu bari sai an aiko mana da rasuwa a gida sannan mu shiga neman takarda. Sai a yi jana'iza muna tsaye a bakin iyaka.

Allah Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, Ya bar zumunci. Wassalamu alaikum.