Wasiƙa Da Baki: Amsa Ga Wani Ɗan Kasuwar Kurmi

Takardarmu ta yau ta fito ne daga cikin birnin Kano, daga wani dattijo mai sayar da rinannun kaya a Kasuwar Kurmi. Ya ce idonsa ya fara rauni, ga shi masu sarin kayansa daga ƙasashen waje sai ta imel suke son magana. Kullum sai ya nemi yaro ya rubuta masa, yaron kuwa ya san kuɗinsa, ya san bashinsa. Shin gaskiya ne waya tana iya rubuta abin da mutum ya faɗa da Hausa?

To Alhaji, gaskiya ne. Abin da ka saba gani a da ne a bakin gidan waya, inda mutum zai zauna gaban mai rubuta wasiƙa yana yi masa shifta. Bambancin kawai, yanzu na'ura ce malamin. Turawa sun daɗe da irin wannan, don tun 1997 aka fitar da manhajar Dragon NaturallySpeaking mai rubuta Ingilishi. Mu dai sai a watan Oktoba na 2024 kamfanin Google ya sanar da shigar da Hausa cikin harsunan da allon rubutunsa na Gboard ke saurara ya rubuta.

Yadda ake yi ba wuya. A sa maka Hausa cikin harsunan Gboard, sau ɗaya ke nan. Ka buɗe imel, ka taɓa wurin rubutu, ka danna alamar makirufo, sai ka yi magana a tsanake, jimla-jimla. Amma kada ka gwada a rumfa. Hayaniyar Kurmi, da mai ciniki da mai tura kura, duk za ta kwashe ta zuba maka cikin wasiƙa. Ka bari sai ka koma gida, ka zauna a soro bayan isha'i.

Ga inda nake so ka buɗe kunne da kyau. Mai rubuta wasiƙa na da, in ya gama sai ya karanta maka, in bai ji ba ya ce a maimaita. Ita na'ura ba ta tambaya, abin da ta zata shi take rubutawa. Kana iya cewa baƙi ta rubuta baki, wannan da sauƙi, mai karatu zai gane. Amma a ce ka faɗi "ba zan aiko ba", ta haɗiye "ba" ɗin farko, ai magana ta juye. Haka nan lissafi: sittin ya koma saba'in, kai kuma ka riga ka aika da sunanka. Saboda haka kuɗi, da yawan turame, da ranar aika kaya, ka buga su da lambobi da hannunka. A ƙara maka girman baƙaƙen wayar, ka bi saƙon daga farko har ƙarshe kafin ka danna aikawa.

Batun sirri kuwa, kada ka ɗauka ka tsira gaba ɗaya. Sau da yawa muryar takan bi ta intanet zuwa kwamfutocin kamfani kafin ta dawo rubutu. Lambar sirrin banki dai kada ka furta mata.

Ka fara gwadawa da wasiƙar gaisuwa zuwa ga ɗan'uwa, sa'an nan ka rubuto mana yadda kuka ƙare da ita. Allah Ya ƙara wa ido lafiya, Ya ba da kasuwa.