Matoshin Kunne Da Masu Fargabar Hayaniya



Akwai mutanen da rurin janareton maƙwabci ko kukan injin niƙa ke tayar wa hankali sosai: gaba ya riƙa faɗuwa, tafin hannu ya jiƙe da gumi, barci ya ƙaurace wa ido. Mukan ce musu raki ne, kuma wallahi ba mu yi musu adalci ba. Jiki yakan ɗauki ƙara mai ƙarfi a matsayin barazana, ya saki sinadaran tashin hankali cikin jini. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen Turai da kada hayaniyar titi da dare ta wuce desibel 45 a ma'aunin ƙarfin ƙara.

Ga masu wannan fargaba, matoshin kunne na soso yana rage ƙara da kimanin desibel 20 zuwa 30, in an sa shi daidai. Ka murza shi tsakanin yatsu har ya sirance, ka ja kunnen sama da ɗaya hannun, ka zura, ka riƙe har ya kumbura ya cika ramin. Auduga kuwa ba ta tare wani abin kirki.

Amma fa a yi hattara. Wanda ya yini kunne a toshe ko da wuri shiru ne, ƙwaƙwalwarsa kan ƙara wa jinsa kaifi, har ƙarar cokali a kwano ta zame masa azaba. Shi ya sa masana lafiyar kunne ke cewa a sa shi inda hayaniya ta yi yawa, kamar gidan biki ko wurin walda, a cire idan wuri ya lafa. Kada a tsallaka titi da shi. In fargabar ta ƙi sauka, a je a ga likita.