Amsar Wasiƙunku: Zanen Zamani da Karatunsa

  Wasiƙar wannan mako ta fito daga Birchi ta ƙasar Kurfi, kusa da Dutsin-Ma, daga wani magidanci, manomi kuma mai sayar da hatsi, wanda ya roƙi a sakaya sunansa.

Ga abin da ke damunsa. Ɗansa ya gama sakandare, ya ce shi karatun zane yake so ya yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Yaron ya nuna masa hotunan ayyukan masu zanen zamani a waya, shi kuwa ya duba ya ga launuka birjik, ba kai ba gindi. Tambayarsa biyu ce. Yaya ake gane mai kyau a irin wannan aiki? Kuma ya sayar da buhunan masararsa ya biya kuɗin wannan karatu, ko asara zai yi?

To, Malam, mun gode da wasiƙa. Bari mu fara da ta farko.

Idon da kake nema kana da shi tun tuni. In aka miƙo maka hula biyu a kasuwa, kafin ka taya sai ka juya su, ka duba cikar ɗinkin, ka ga ko zaren ya zauna, ko launukan sun dace da juna. In babbar riga ce, kana iya bambanta aska biyu da aska takwas tun daga nesa. To, aska takwas ba hoton wuƙar wanzami ba ce sak, haka dagi bai yi kama da wata dabba ko bishiya da ka sani ba. Duk da haka ba ka taɓa cewa ba su da kai ba su da gindi ba. Haka zayyanar allon sauka, haka adon ƙwarya da faifan da ke jere a ɗakin uwargida. Yawancin adonmu na gargajiya tsari ne na layi da launi, kuma da yawa daga masu zanen zamani a kan wannan turba suke.

Saboda haka in ka tsaya gaban wani aiki, ko na fenti ne, ko na yumɓu, ko na kwamfuta, yi masa tambaya uku.

Ta farko, hannun ya ƙware? Wato layin ya tafi inda mai shi ya nufa, ko kuwa kuskure ne aka rufe da fenti? Wanda ya san kunyar da aka ja da kyau a gona zai gane wannan.

Ta biyu, kayan sun zauna da juna? Duba inda idonka ya fara sauka, da inda ya bi daga nan. Aiki mai kyau yana jan ido kamar yadda mai labari ke jan kunne. Wanda bai yi kyau ba, ido na ta yawo a kansa bai sami wurin hutawa ba.

Ta uku, me ya bar maka a zuci? Ka ba shi lokaci kamar na cinikin sa. Ba wanda ke sayen sa da kallo ɗaya, sai ya zagaya shi. In bayan ka zagaya ka ga bai yi maka ba, faɗi haka ba kunya. Tsadar abu ba ta tilasta maka son sa.

Yanzu bari in kawo misalai, don gani ya kori ji.

Laluba aljihunka ka ciro naira 20. A bayanta akwai hoton wata mata tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda ta koyi sana'ar a gida tun tana yarinya. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Ta riƙe adon gargajiyarsu, ta haɗa da sabuwar hanyar gashi mai sa tukunya ƙyalli. An nuna aikinta a Ingila da Amurka, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a 1984.

Ƙetara iyaka zuwa Nijar, jihar Tawa, akwai wani ƙauye Yama. A 1962 mutanen garin suka sa wani magininsu, Falke Barmu, wanda shi ma manomi ne, ya gina musu masallacin Juma'a na ƙasa. Daga baya ya yi masa ƙari da hasumiyoyi huɗu, kowace da irin surarta. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake ba fitattun gine-gine na duniyar Musulmi. Laka ce dai da itace, irin waɗanda ke Birchi.

A Zariya kuwa, inda yaronka ke son zuwa, a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su tsaya kwaikwayon Turawa kaɗai ba. Kowa ya koma ya ɗebo adon garinsu ya haɗa da abin da aka koya masa a aji. Daga nan ne zanen zamani na Nijeriya ya sami babban tushe.

Ga kuma Fatima Tuggar, haifaffiyar Kaduna a 1967, wadda ke harhaɗa hotuna da kwamfuta. Tana da wani aiki da ta haɗa faifan saƙa irin na matanmu da garmaho. Bahaushe zai riga kowa gane wasan, domin da bakinmu faifai ne na rufe ƙwarya, faifai ne kuma na garmaho. Ka ga a nan kai ne malami, Bature ne ɗalibi.

Abin lura shi ne duk waɗannan mutane da kayan gida suka yi fice. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta shafi aljihu. A nan ba zan rufe ka ba. Gaskiya ne a 2018 an sayar da wani zane na Ben Enwonwu a Landan kan kuɗi sama da fam miliyan 1. Amma irin wannan ɗaya ne cikin dubbai, kuma mai zanen ya daɗe da rasuwa kafin cinikin. Kada ka sayar da masara da wannan lissafi. Haka kuma kada ka dogara da masaƙun Kaduna da a da suke ɗaukar masu zanen atamfa, domin yawancinsu sun rufe.

Abincin yau da kullum yana wajen tsara kayan da jama'a ke amfani da su: allon shago, tambarin kaya, bangon littafi, fostar fim, katin biki, samfurin ɗinkin riga da hula, adon gini. Kai ɗan kasuwa ne. Ka san in aka ajiye man gyaɗa iri ɗaya a kwalba biyu, ɗaya tsirara, ɗaya da takarda mai tsabta da suna, mai takardar ce za ta shiga kantin birni. Wani ne ya zauna ya tsara takardar nan, kuma an biya shi. A jami'ar Zariya akwai sashen zane-zane, akwai kuma sashen tsara kayan masana'antu, inda ake koyon aikin yadi, tangaram da zanen ɗab'i. Yaron ya san wanne yake nufi tun kafin ya cike takarda.

Batun zanen abu mai rai kuwa, na san yana ran iyaye da yawa. Wannan fage ne na malamai, a je a tambaye su. Abin da zan ƙara kawai shi ne rassa da dama na wannan karatu, kamar rubutun ado da aikin yadi da tsarin gini, ana iya yin su ba a zana mutum ko dabba ba.

Shawarata uku ce. Da farko gwada yaron. Sa shi ya yi maka allon rumfarka, ya kuma tsara wa wani maƙwabci tambarin kayansa, ka yi wa aikin tambayoyi ukun nan, ka kuma lura ko yana gama abin da ya fara. Na biyu, ku je Katsina tare ku shiga gidan tarihi da ke ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ku ga hasumiyar Gobarau, ka ji abin da zai ce a kansu. Na uku, ku yi lissafi da kyau, domin ban da kuɗin makaranta akwai na fenti, takarda da kwamfuta, kuma kada a taɓa hatsin da gida zai ci har kaka. In kuɗin bai kai bana ba, ya zauna wurin mai ɗab'i ko maɗinki a Dutsin-Ma ko Katsina ya koyi aiki, ba abin da ya rage shi.

In ka ga hannu, ka ga naci, to ka sa masa albarka. In kuwa gudun gona ne ya sa shi fakewa da zane, gwajin nan zai tona shi kafin a kai buhu ɗaya kasuwa.

Malam, da fatan ka gamsu. Masu sauraro, a ci gaba da aiko da wasiƙu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.